Shuɗin Fasfon Ƙanwata

Mu biyu kacal Allah ya raya wa iyayenmu, ni da ƙanwata. Ni a Fagge aka haife ni, a ɗakin kakata, cikin gidanmu na Kwaciri. Ita kuwa a Amurka aka haife ta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, har kama muke yi, amma wannan bambancin ya bi mu tun muna yara har muka yi furfura.

Babanmu malamin aikin lantarki ne a wata makarantar koyon sana'a. Ina 'yar shekara uku gwamnati ta tura shi ƙaro karatu a can, aka kuma yarda ya tafi da iyalinsa. An gama shiri da ni, har an sa sunana a cikin fasfon Inna. Ana gab da tafiya ƙyanda ta feso mini. Kakata, mahaifiyar Baba, Babarbariya ce da ta zo Kano tun tana amarya, kuma idan ta yanke magana ba a ƙara wata a kai. Ta ce ba mai ɗaukar mata jika da ƙyanda ya kai ta ƙasar ƙanƙara. Haka aka bar ni a wurinta.

Ba na tuna tafiyarsu. Dawowarsu nake tunawa. Gidan ya cika da mata har zaure, ga wata mata da aka ce mini ita ce Innata, ta rataye jaririya a ƙirji da wani abu mai igiyoyi maimakon ta goya ta a baya kamar kowa. Na ɓuya a bayan zanen Kaka ina leƙe. Duk wadda ta shigo, kafin ta gama sallama sai ta ce, "Ina Ba'amurkiyar? A miƙo mana ita mu gani." Aka yi ta yawo da ita daga cinya zuwa cinya. Wata tsohuwa har shinshina kanta ta yi, wai tana so ta ji ƙamshin ƙasar Turawa. Ni da na yi shekara biyu ban ga uwata ba, sai can da yamma wata maƙwabciya ta tuna da ni, ta ce, "Ke kuma ba za ki zo ki gaida Innarki ba?"

Yarinyar nan ko rarrafe ba ta fara ba aka dawo da ita. Tuwon dawar da na ci shi ta ci, makarantar allon da na je ita ta je, bulalar da ta sauka a bayana ta sauka a nata. Ba ta san komai na Amurka ba, ko a mafarki. Amma sunan ya manne mata. Idan abokan Baba suka zo gaisuwar Sallah, sai a kira mu mu durƙusa. Baba ya ce, "Wannan ce ta zo ta ɗaya a ajinsu." Su ce, "Madalla, madalla." Sai su juya: "To ina mutuniyar tamu? Zo nan, yi mana Turanci." Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, don Turancin nata bai kai rabin nawa ba. Aikin gidan da ake ba ta a makaranta ma ni nake yi mata. Su dai su yi dariya, su ce kunya take ji.

Ina sakandare na fara ganin fasfonta na Amurka da idona. Baba ya ce lokacin sabunta shi ya yi, kuma sai an je da mai shi Legas. Muka raka su tashar jirgin ƙasa, ni ce ma na ɗaukar mata jaka. Na tsaya a bakin dandamali ina kallon ta ta leƙo ta taga tana ɗaga mini hannu, an yi mata sabon kitso da lalle kamar mai zuwa biki. Ni ko Zariya ban taɓa zuwa ba. Da suka dawo ta yi sati tana ba ni labarin teku, da gadar da ba a ganin ƙarshenta, da wata Baturiya da ta yi mata murmushi ta ce mata sannu da zuwa gida. Gida! Na ce mata, "Gidan wa?" Ta ce ita dai haka matar ta ce.

Baba ya fito da sabon fasfon daga aljihun babbar riga ya nuna mana. Ɗan littafi ne shuɗi, da hoton mikiya a bangonsa. Na miƙa hannu, ya janye.

"Je ki wanke hannu tukuna. Mangwaro kika sha."

Na je na wanke, na dawo, na karɓa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na buɗe, ga hotonta da ƙaton goshinta irin nawa. Na ce, "Baba, ni yaushe za a yi mini nawa?"

Ya yi 'yar dariya, ba da mugunta ba, ya ce, "Ke kuma ina za ki?"

Kaka ta ji. Da na shiga ɗakinta na haɗa rai, sai ta ce, "Rabu da su. Ke ce 'yar gida. Cibiyarki ga ta can a gindin bango, ni na binne ta da hannuna. Ita tata wa ya san inda Nasara suka jefa?" Na yi murmushi don ta ji daɗi. A raina kuwa na ce, Kaka, ba a nuna cibiya a filin jirgi.

Na yi karatun ungozoma, na auri wani ɗan kasuwa mai shagon kayan masarufi a kasuwar Singa. A kan tsohuwar Basfa yake zuwa zance, ya jingine ta a jikin katangarmu, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Sai da ƙanwata ta isa zance na san akwai wani irin zancen daban. Lungunmu da ko amalanke sai ta yi dabara take wucewa, sai ga motoci suna layi tun daga bakin titi. 'Ya'yan manya, masu digiri, har da wani mai furfura. Kowa a unguwa ya san ba goshin suke bi ba. Idan na zo gida ganin Inna na tarar da mota a ƙofa, sai in ce, "Yau kuma wane ne ya zo neman biza?" Inna ta harare ni. A ƙarshe ta zaɓi wani ɗan unguwarmu mai hankali da ya sami gurbin karatu a can. Ba ni da abin da zan faɗa a kansa, na nema ban samu ba. Aka ɗaura aure, suka tafi. Shi sai da ya yi ta zirga-zirgar neman izinin shiga, ita kuwa tikiti kawai aka saya mata.

A wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari nake aiki, har yau. Can na haɗu da ƙawata, wata nas 'yar ƙabilar Ibo, Kirista, wadda aka haifa a layin bayan asibitin. Mahaifinta kayan gyaran mota yake sayarwa tun kafin a haife mu. Hausa a bakinta kamar ta Bakanuwar cikin gari, har karin magana take jefa mini. Tare muke cin abincin rana, ita ta zo da miyar agushi, ni in zo da dambu, mu haɗa a tsakiya. Ita kaɗai nake iya buɗe wa cikina, don a gida idan na fara sai a ce hassada ga mai rabo taki.

Wata rana na gama ba ta labarin ƙyandar nan, karo na ban san adadi ba, sai ta ajiye cokali ta dube ni.

"Tsaya, ƙawata. Da ƙyandar ba ta fito ba, an tafi da ke, me zai faru?"

"Da ni ma na je mana."

"Da kin je kin dawo. An riga an haife ki a Fagge. Ko shekara goma kika yi kina wasa da ƙanƙara, ba za su ba ki shuɗin littafin ba. Ƙyanda ba ta cuce ki ba, zuwa kika yi da wuri."

Tun ina yarinya ina da abin da nake ɗora wa laifi, ta zo ta ƙwace mini shi a kan kwanon dambu. Raina ya ɓaci da ita har muka tashi aiki.

Ita ma tana da nata. Ɗanta na fari ya ci jarrabawa da kyau, ya nemi tallafin karatu, aka ce ya kawo takardar shaidar shi ɗan asalin ƙaramar hukuma ne. Da suka je nema aka ce su tafi garin kakansa. Yaron nan sau biyu aka taɓa kai shi ƙauyen, kuma duk biyun da kuka ya dawo don ba ya jin abin da tsofaffin suke faɗa. Ta ce mini, "Ni a nan aka haife ni, a nan na haife shi. Ke kakarki daga Barno ta zo, amma ke 'yar asali ce, ni baƙuwa. Ki riƙa gode wa Allah, ke ma kina da abin da wani yake ƙyashi." Na tausaya mata da gaske. Amma ciwon wani ba ya warkar da naka. Na koma gida da nawa yadda na fito da shi.

Baba ya rasu, Kaka dama ta riga shi. Inna ta rage ita kaɗai a gidan Kwaciri tare da 'yan haya. Kullum da safe kafin in wuce aiki sai na biya na auna mata jini, na tabbatar ta sha magani, na ji abin da za ta ci. Ƙanwata tana bugo waya ranar Lahadi. Idan ta bugo, Inna sai ta yi kwana uku tana maimaita abin da ta ce, har da inda ta yi tari. Ni da nake zuwa kullum, na zama kamar randar tsakar gida, ba a lura da ita sai ran da babu ruwa.

Ƙanwata ta daɗe ba ta sami haihuwa ba. Da Allah ya kawo cikin, ni ta fara gaya wa, tun kafin Inna. A waya ta ce, "Yaya, ke nake so ki zo. Tsoro nake ji. Ba wanda nake so a kusa da ni sai ke."

Ban san zan ji daɗin maganar nan haka ba. Na yi fasfona na farko a duniya, kore shar. Na ɗinka kaya. Na gaya wa duk wanda ya tsaya saurarona a asibiti. Ranar da aka sa mini ta neman biza na tafi Abuja, na shiga layi a ofishin jakadancinsu da tarin takarduna a ƙirji. Da aka zo kaina na tsaya gaban wata taga mai gilashi, wata mata tana ciki tana danna na'ura. Ta tambaye ni aikina, na ce ungozoma. Ta tambaye ni abin da zai kai ni. Na gyara tsayuwa na ce ƙanwata ce za ta haihu, zan je in kula da ita da jaririn, aikina ke nan shekara da shekaru. Da alfahari na faɗa. Ta ɗan ƙara danne-danne, ta turo mini fasfona ta ƙasan gilashin, ta ce a yi haƙuri, wannan karon ba zai yiwu ba. Takardun da na kwana ina jerawa ko kallon su ba a yi ba. Daga baya masu sani suka ce mini bakina ne ya kayar da ni, wai abin da na faɗa ya yi kama da mai zuwa neman aiki.

A motar dawowa ban yi kuka ba. Tunani ɗaya ne ya yi ta juya mini: ƙasar nan da ta hana ni leƙawa na wata biyu, ita ce take ce wa ƙanwata sannu da zuwa gida, don kawai naƙuda ta kama Inna a can.

Ashe dokarsu ta ba ɗan ƙasa damar ɗauko iyayensa ba tare da dogon jira ba, kuma ƙanwata ta riga ta fara nema wa Inna tun bayan rasuwar Baba. Aka kira Inna, aka ba ta biza, ba ma ta ziyara ba, ta zama. Ni na haɗa mata kaya. Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo citta da kanumfari da masoro, na daka yajin jego da hannuna. Na ƙulla kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, na nannaɗe kowanne a leda don kada wari ya fita. Ina ƙullawa ina yi wa Inna bayani, idan jini ya yi yawa ga abin da za a duba, idan jariri ya ƙi kama nono ga yadda za a yi. Inna ta ce, "Ke, ni fa na haife ku." Na ce, "Na sani, Inna."

A filin jirgi ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata. Na ce ba ta yi mini komai ba. Na tsaya har ta shige, tana jan ƙafa a cikin sabon takalmin da bai saba da ita ba. Ina da aure, ina da 'ya budurwa, amma da na juyo sai na ji ni daidai da yarinyar da aka bari a Kwaciri, kuma wannan karon babu Kaka.

Namiji aka haifa. A waya na gan shi, Inna ta ɗaga shi gaban kyamara tana cewa, "Ga babbar uwarka, gaishe ta." Na duba yadda aka ɗaure cibiyar, na ce ba haka ake yi ba, alhali daidai aka yi. Kafin su yi arba'in ƙanwata ta turo hoton fasfonsa, ɗan jariri da ido a rufe, an riga an rubuta shi cikin mutanen ƙasar. 'Yata tana leƙen wayar ta kafaɗata. Ta ce, "Umma, ke me ya sa ba ki je can kin haife ni ba?"

Na ce, "Je ki tambayi ubanki."

A satin na karɓi haihuwa da yawa a asibiti. Duk jaririn da ya faɗo hannuna sai in dube shi in ce a raina, kai ma ka sauka a nan, sai haƙuri. Ban taɓa yin irin wannan tunanin a kan aikina ba sai lokacin, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Watanni uku aka ce Inna za ta yi, sai ga shekaru. Aka sake haihuwa, mace. Inna takan zo gida, amma katin zaman nata ba ya son a daɗe a waje, don haka zuwan baƙi take yi, akwati a buɗe a gefen gado. Ta koyi cewa "a can". Idan aka ɗauke wuta, a can ba a ɗaukewa. Idan na kawo mata maganin hawan jini, na can ya fi ƙanƙanta kuma ba ya sa jiri. Jikokinta na can kuwa ba su da laifi ko ɗaya. 'Yata ta yi mata wanki, ta yi mata tausa, ta dafa mata abin da take so, amma hirar duk ta waɗanda suke kiran ta da wani suna na Turanci ce. Sai in shiga kicin in yi ta buga tukwane.

Abin da ya dawo da ita jana'iza ce. Wani dattijo Bahaushe ya rasu a garin da suke, aka yi kwanaki ana jiran takardu kafin a ba da gawar, aka binne shi cikin sanyi da mutane 'yan kaɗan. Inna ta dawo daga gidan makokin ta ce wa ƙanwata ta mayar da ita Kano, ba za ta mutu inda babu masu sallatar ta ba. Aka yi lallashi, ta ƙi. Ƙanwata ta rako ta da kanta, tare da yaran biyu. Na sa aka yi wa ɗakin baƙi na gidana fenti, na ce Inna ba za ta koma Kwaciri ita kaɗai ba. Raina fes. Na ce yau dai abu ya dawo hannun mai shi.

Yaran da biza suka shigo ƙasar ubansu da uwarsu, abin da ya ba ni dariya ƙwarai. Ƙanwata ta ce kafin su koma tana so a yi musu koren fasfo, kuma ana bukatar takardar shaidar asali, ita kuwa ba ta san ta inda ake farawa ba.

"Yaya, sai kin raka ni. Ban san kowa ba yanzu."

Na saka mayafina mai kyau na shige gaba, tana bina a baya da yara. Muka je wurin mai unguwa, wanda jikokinsa da dama a hannuna aka haife su. Ya tashi zaune ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi maigida, ya tambayi aiki. Sannan ya dubi ƙanwata ya ce, "Wannan fa? Baƙuwa kika yi?"

Daɗin da na ji a lokacin, Allah kaɗai ya sani. Na ja shi kaɗan kafin in amsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙanwata ce."

Ya ƙura mata ido, sai ya tafa hannu. "Kai! Ba'amurkiyar gidan Malam? Ikon Allah! Ku kawo musu kujeru. A sayo lemo mai sanyi." Ya kira matansa su zo su ga yaran. Ni dai ina kan tabarmar da na zauna tun farko.

Kafin azahar an gama komai. Yaran da ko "ina kwana" ba su iya ba, waɗanda suke toshe hanci idan mun wuce kwata, sun zama 'yan asalin Fagge da hatimi. Ga shuɗi, ga kore. Washegari na ba ƙawata labari a wurin aiki. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta ce, "Allah ya sanya alheri," ta ɗauki farantin allura ta fita. Ranar ba mu ci abinci tare ba.

Ana saura kwana kaɗan su koma, muna zaune da ƙanwata a kicin da rana muna gyaran alayyahu, Inna tana barci. Sai ta ce, "Yaya, ke dai kin more."

Na ɗago na dube ta.

"Wallahi kin more. Ga Inna a ɗakinki. Ki fita ƙofar gida kowa ya san ki, ya san ubanki. Ni a can gidan tsofaffi nake aiki, ina wanke wa iyayen wasu jiki. In na ce musu a ƙasar aka haife ni, sai su ce to amma asalinki fa? In na zo nan a ce Ba'amurkiya. Ran da na haifi na fari, da na farfaɗo sunanki na fara kira."

Idonta ya kawo ruwa. Na san gaskiya take faɗa, na kuma ji tausayinta har cikin ƙashina. Amma bakina ya riga ni.

"To mu yi musanya mana. Ki ba ni naki, ki zauna da Inna."

Ta yi ta tsinke ganye ɗaya har ya zama zare.

Na ce, "Kin gani."

Muka yi dariya mu duka biyu, tana share ido da bayan hannu. Na ce mata bambancin ke nan: ita duk ran da kewa ta ishe ta, tikiti za ta saya. Tana da ƙofa biyu, ta shiga wadda ta ga dama. Ni ɗaya gare ni. Ta ce tana iya nema mini, sai dai layin 'yan'uwa dogo ne, ana fin shekara goma ana jira. Na ce ta bar shi, ba zan je Amurka da sandar dogarawa ba.

Ashe duk zaman nan akwai wadda take nata lissafin. 'Yata ta gama sakandare a shekarar. Tun da suka zo take manne da ƙanwata, ita ce riƙe mata jaka, ita ce goyon ƙaramar, har ta fara lanƙwasa harshe irin na yaran. Da daddare ɗaya bayan cin tuwo ƙanwata ta ce, a gaban kowa, idan mun yarda za ta nema mata makaranta a garinsu, ta zauna a wurinta, ba sai an biya kuɗin ɗaki ba. Na ce sai abin da babanta ya ce, ina mai tabbacin zai ce a bari ta yi a nan. Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Alhamdulillahi, Allah ya saka da alheri." Inna ta ce dama abin da take ta roƙo ke nan. 'Yata ta faɗa jikin ƙanwata tana tsalle. Na tashi na kwashe kwanuka.

Abin ya ɗauki kusan shekara. Makaranta ta karɓe ta, aka sa mata ranar ganawa a ofishin jakadancin, babanta ya kai ta. Ni ina wurin aiki a ranar, a ɗakin haihuwa, da wata mai haihuwar fari da ta wahala tun safe. Wayata ta yi ta ƙara a aljihu, hannuwana kuma suna cikin safar roba. Ƙawata ta zaro ta, ta duba, ta kara mini a kunne.

"Umma! Sun ba ni! Umma, kina ji? Sun ba ni!"

Na ce, "Alhamdulillahi. Allah ya sa albarka. Ki gaida babanki, ina aiki."

Ƙawata ta ɗaga hannu sama tana rawa a tsakiyar ɗaki. Na juya ga mai naƙuda na ce ta yi nishi da ƙarfi, kai ya kusa. Ba a jima ba ta sauka lafiya. Na gyara uwa, na gyara jaririya, na je bakin famfo na cire safar na fara wanke hannu. Na daɗe ina wankewa. Ƙawata ta zo ta jingina da bango kusa da ni.

"Yaya dai? Ba ki yi murna ba?"

"Na yi. Wallahi na yi." Na kashe famfon, hawaye na zubo mini. "Ita ce kaɗai gare ni. Za ta je ta zauna a gidan da ba a bar ni na ga ko ƙofarsa ba. Ƙanwata ce za ta ga ranar da za ta gama."

Ta miƙo mini tawul. Ta ce, "Yi kukanki ki gama, ƙawata. Akwai wata a ɗaki na biyu, faya ta fashe."